Tagwayen faifai: yadda aikin rumbun ajiyar shagona ke tafiya

Asabar, 11 ga Janairu 2025

To bismillah. Zan riƙa rubuta aikin nan daki-daki saboda ni mutum ne mai mantuwa, in abu ya lalace nan da shekara ina son in san me na taɓa da hannuna. Abin da ya jawo shi ne watan jiya had disk ɗina na waje, wanda nake yawo da shi a jaka, ya zame daga kan tebur yana cikin aiki. Tsayin bai kai ƙugu ba fa, amma daga nan sai ƙara kawai yake ƙyas ƙyas ƙyas. Bidiyo da hotunan bikin mutum uku ne a ciki, aikin shagona ke nan, biyu Allah ya taimake ni ban goge memorin kyamara ba, na ukun kuwa kamu da yinin biki duk sun tafi, dina kaɗai ta rage. Da na je gaban uwar amarya ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi "ba komai ɗana, haka Allah ya so", wlh da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Abin da nake da shi: tsohuwar kwamfutar tebur da muka daina aikin bidiyo da ita, i5 ce, ram 16, kuma allonta yana da ramin SATA, inda ake jona faifai, guda shida. Ita zan mayar rumbun ajiya, in sa mata Ubuntu Server 24.04 da ZFS, tsarin da ke haɗa faifai su zama rumbu ɗaya yana kuma tantance abin da ke ciki. Na yi kwana biyu ina kai-kawo tsakanin RAIDZ da tagwaye, wato RAID 1, inda faifai biyu ke ɗauke da abu iri ɗaya sak. A lissafi RAIDZ, inda ake rarraba kaya da bayanan kariya a kan faifai da yawa, ya fi riba, faifai huɗu ka ci gurbin uku, a tagwaye kuwa rabi kake ci rabi ya tafi gadi. Amma ni kuɗina ba a dunƙule suke zuwa ba, biki-biki suke shigowa, tagwaye kuma sai ka fara da biyu, in ka samu hali ka ƙara wasu biyun a gefe. Sannan in ɗaya ya mutu kwafi kawai ake yi daga ɗan'uwansa, ba sai an tashi duk faifan gidan ana lissafi ba. Shi ke nan na tsaya a nan.

Litinin, 13 ga Janairu

Na sayo faifai biyu sababbi, tera 4 kowanne, irin na NAS, wato na'urar ajiya da ake jonawa a netwok. Da gangan na saye su a shago daban-daban, ɗaya 178,000 ɗaya 185,000, don kar su zama 'yan kwali ɗaya da aka ƙera rana ɗaya, in akwai aibi a zubin su tafi tare. Na tsaya sai da na duba lambar samfurin a waya na tabbatar CMR ne, mai layukan rubutu a jere, ba SMR ba, mai shagon har ya fara ƙosawa yana cewa Malam ai duk tera 4 ne. Ba duk ɗaya ba ne. SMR layukan rubutunsa hawa kan juna suke kamar jerin kwanon rufi, in aka matsa masa da rubutu mai tsawo sai ya riƙa numfashi sama-sama, a 2020 an yi ta surutu a kan haka da aka gano ana sayar da irinsu da sunan na NAS, mutane na kukan sake gina ajiya na ɗaukar kwanaki.

Ƙaramin SSD na ɗora Ubuntu 18,000, wayoyin SATA 4,000. Na liƙa musu takarda a jiki na rubuta ƙarshen siriyal lamba, ɗaya Hasan ɗaya Husaini.

Laraba, 15 ga Janairu

Ban sa musu komai ba tukun, gwaji nake. Doguwar jarrabawar SMART, wadda faifai ke duba lafiyar kansa da ita, ta wuce lafiya a duka biyun, kusan awa takwas. Yanzu badblocks nake gudu, wanda ke rubuta faifan tun daga farko har ƙarshe ya karanta, zagaye huɗu. Da farko ya ƙi tashi sai da na sa masa -b 4096, ashe babban faifai ba ya yi da ƙaramin ma'aunin da ya saba.

Alhamis, 16 ga Janairu

An ɗauke wuta ƙarfe uku na dare, batirin inbata ya riƙe zuwa asuba ya sauka. Awa ashirin da wani abu na gwaji sun tafi a banza, domin abin ba ya ɗorawa daga inda ya tsaya a yadda na kunna shi. Na sake daga farko. Na cire firij ɗin shago daga layin inbata, yara na ta ƙorafin ruwan sanyi, a wannan hunturun ma.

Lahadi, 19 ga Janairu

Ya gama. Babu ko ɗigon aibi a duka biyun.

Litinin, 20 ga Janairu

Yau na haɗa su. Na sa wa rumbun suna rumbu kawai, ba wani dogon tunani. Abubuwa biyu da na kiyaye: na kira faifan da sunayensu na /dev/disk/by-id maimakon sda da sdb, saboda waɗancan haruffan suna iya musanya in aka sake kunna na'ura, sannan na sa ashift=12, ma'aunin girman gurbin rubutu, tunda shi ba a canza shi bayan an ƙirƙira. Na kunna matsewar lz4 duk da na san bidiyo ba ya matsuwa, ba ta cin komai dai. Na raba rumbun gida biyu, gidan aiki na abin da ba mu miƙa ba, gidan ajiya na wanda aka gama.

Yaron shagona ya leƙo ya ga 3.6T a allo ya ce Oga an cuce ka, tera 8 ka biya. Sai da na zaunar da shi. Rabi ya tafi saboda tagwaye ne, sauran giɓin kuma masu ƙera faifai da dubu-dubu suke ƙirga, kwamfuta da 1024, shi ya sa tera 4 ke fitowa 3.6. Ya ce to wannan ai mudun 'yan kasuwa ne. Ban musa ba.

Samba, manhajar raba folda a netwok, ta tashi, kwamfutocin aiki biyu duk suna ganin foldar.

Laraba, 22 ga Janairu

Ranar haushi. Na fara kwashe tsofaffin ayyuka, tera 2.3 ne a warwatse a faifai biyar, sai na ga gudun ya tsaya cak a mega 11 a sakan. Na buga lissafi ya ba ni kusan awa 58. Na zargi Samba, na zargi lz4 har na kashe ta na mayar, na zargi faifan waje, na ɓata yini guda ina bin saituna ɗaya bayan ɗaya, sai dab da magariba na duba ethtool, mai nuna gudun layin netwok, na ga layin a 100 yake magana ba 1000 ba. Wayar netwok ce. Da hannuna na matse kanta shekara biyu da suka wuce, kuma ashe silli ɗaya bai shiga ba, gudun 100 silli huɗu ke buƙata shi ya sa ba ta taɓa nuna min ba, gigabit kuwa sai duka takwas sun haɗu. Sabuwar waya da kawuna 5,000, gudu ya haura mega 110. Na zauna ina kallon lambar kamar wanda aka yi wa albishir.

Asabar, 25 ga Janairu

Kwafi ya kammala. Fayil goma sha ɗaya sun ƙi karantuwa daga wani tsohon faifai na 2019, hotunan suna ne, an riga an miƙa su tuntuni. Da ma can sun ruɓe ban sani ba.

Lahadi, 26 ga Janairu

Sikirob na farko, wato ZFS ya bi duk abin da ke ciki yana gwada shi da lambar tantancewarsa. Sifili. Wannan ne ma dalilin da na zaɓe shi a kan RAID na cikin allon kwamfuta: in tagwaye suka saɓa, ɗaya ya ce kaza ɗaya ya ce kaza, RAID na gargajiya bai san wa ke da gaskiya ba, shi kuwa ZFS yana da shaida a hannu, sai ya gyara mai kuskuren daga mai daidai. Kamfanin Sun ne ya fitar da shi tun 2005, ba sabon abu ba ne, mu ne dai ba mu waiwaye shi ba.

Asabar, 1 ga Fabrairu

An biya ni kuɗin wani biki, na ce bari in ƙara tagwaye na biyu da na hannu tunda sababbi sun yi tsada. Biyu a 90,000 kowanne. Mai shagon ya rantse min daga ofis aka ciro su ba su yi wani aiki ba.

Talata, 4 ga Fabrairu

Ɗaya lafiyarsa ƙalau, awa dubu goma sha tara da 'yan kai a kansa, ba aibi. Ɗayan kuwa tun a zagayen farko lamba ta 197 a SMART ta fara hawa, wato gurabun da ya kasa karantawa, daga 8 zuwa 40 zuwa 112, lamba ta 5 ita ma ta motsa. Na mayar masa. Ya jona a laftof ɗinsa ya buɗe ya jefa waƙa ɗaya ya ce Alhaji ga shi yana aiki, me kake so kuma. Na nuna masa hoton allon ya ce shi bai san wannan ba, shi dai in faifai ya buɗe to lafiya yake. Mun fi awa ɗaya, sai da maƙwabcinsa ya sa baki ya ce a duba zumunci, aka tsaya a kan zai mayar da 80,000 ya riƙe 10,000. Na karɓa don na gaji, kuma ina da aiki ƙarfe huɗu.

Mai lafiyar na sa masa suna Gambo tunda bayan tagwaye ya zo.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Wannan sai na rubuta shi dalla-dalla don kar in sake. Na ce tunda Gambo na zaune ba abokin tafiya, bari in jona shi a kan Hasan da Husaini ya zama kwafi na uku kafin in samu kuɗin wani. Umarnin da ake yi da shi zpool attach ne. Ni kuma ƙarfe ɗaya na dare, ido ya yi nauyi, na rubuta zpool add. Na'urar ta ma yi min gargaɗi fa, ta ce matakin kariyar bai dace ba, rumbun na tagwaye ne wannan kuma tilo ne. Maimakon in karanta sai na ce wannan surutun na mene ne, na ƙara -f, wato a yi dole, na danna.

Da na duba zpool status sai na ga Gambo ba ya ƙarƙashin mirror-0, wato rukunin Hasan da Husaini, yana tsaye shi kaɗai a gefe, girman rumbu kuma ya koma 7.2T. Nan barcin ya watse. Ma'anarsa duk sabon abin da aka rubuta za a riƙa raba shi har da kan Gambo, tsohon faifai na hannu marar mataimaki, in ya mutu kuma ba nasa kason kaɗai zai tafi ba, rumbun gaba ɗaya ne zai ƙi buɗewa, har da abin da ke kan tagwayen. Kuɗi kusan dubu ɗari biyar na kashe don in dawo inda na fito, ko ma ƙasa da nan.

Na kashe Samba tukun don kar wani ya rubuta komai da safe. Na yi ta karatu har wajen uku. Abin da ya cece ni: tun fitowar 0.8 ta ZFS a Linux, a 2019, ana iya cire faifan da aka ƙara da zpool remove, matuƙar babu RAIDZ a rumbun. Da RAIDZ na zaɓa ranar farko da sai dai in kwashe komai in rushe in sake gini. Na yi remove, 'yan mega kaɗan ne suka riga suka hau kansa, cikin sakanni ya mayar da su. Ya bar wani ɗan tabo a status yana faɗin ƙwaƙwalwar da yake riƙe da taswirar abin da aka cire, wannan zai zauna nan yana tuna min. Sannan na yi attach ɗin gaskiya, na karanta layin sau uku kafin in danna.

Doka daga yau: ba na taɓa rumbu bayan sha ɗaya na dare, kuma add sai na fara gwada shi da -n ya nuna min abin da zai yi.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Gambo ya gama kwafa, awa biyar da rabi. Kwafi uku yanzu.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Na sa sanoid yana ɗaukar sinafshot, wato hoton yadda rumbu yake a wannan lokacin: na kowace awa a riƙe 48, na kullum a riƙe 30, na wata a riƙe 6. Na kuma sayi ƙaramin UPS mai ramin USB, 95,000, na haɗa da NUT, manhajar da ke sa ido kan UPS, yadda in inbata ya sauka na'urar za ta kashe kanta cikin mutunci. Na gwada da zare filogi, ta jira ta rufe kanta. Ƙurar hazo ta riga ta yi wa fankar gaba kunshi, na share.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Bukukuwa sun taso kowa na son a ɗaura kafin azumi. Rumbu ya kai kashi 78, ana kuma cewa kar a bari ya wuce 80 sosai. Na sayi sabon faifai 182,000, yana gwaji.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Na cire Gambo daga kwafi na uku, na haɗa shi da sabon suka zama tagwaye na biyu. Tsoho da sabo, da wuya su mutu mako ɗaya, ni hakan ya fi kwanta min. Yanzu 7.2T na gaskiya. Abin lura, ZFS ba ya kwashe tsohon kaya ya daidaita, na da yana nan kan Hasan da Husaini, sabon rubutu ne ya fi karkata wajen masu fili. Kuma har yanzu in biyun da ke ɗaki ɗaya, wato Hasan da Husaini ko Gambo da sabon, suka tafi tare to komai ya tafi, ɗaya daga kowane ɗaki ne kawai ake iya jurewa.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Jiya da yamma ina wajen kamu yaron shago ya kira, muryarsa na rawa, Oga don Allah ka yi haƙuri. Wai yana share foldar gwaji ne ya haɗa da ta bikin ranar Juma'a, giga ɗari biyu da sittin, kuma a foldar netwok in ka goge babu kwandon shara da zai tsaya. Yana ta cewa amma ai akwai Husaini ko, a ciro daga Husaini. Na ce masa Husaini ai tare suka goge, a sakan ɗaya, aikinsa ke nan, duk abin da Hasan ya yi shi ma ya yi, ko daidai ko ɓarna.

Da na dawo na shiga ɓoyayyiyar foldar .zfs/snapshot na buɗe hoton ƙarfe huɗu, ga bikin nan zaune ba abin da ya taɓa shi. Minti arba'in na mayar. Abin da babu shi ne hotuna kusan tamanin da ya zuba tsakanin huɗu da lokacin da ya yi gogen, su sinafshot bai riske su ba, amma suna kan memori tunda na hana a goge memori sai an miƙa aiki. Kwana goma sha biyu kacal tsakanin ranar da na sa sanoid da jiya. Da na ce sai bayan sallah zan sa, kamar yadda na so in yi, da yanzu ina gaban wata uwar amaryar.

Ban yi masa faɗa sosai ba, ni da na danna -f. Na dai mayar da gidan ajiya na karatu kawai a wajensu, na kuma kunna kwandon shara na Samba a gidan aiki.

Asabar, 1 ga Maris

An tashi da azumi, shago shiru. Na yi gwajin da nake ta jin tsoro: na kashe na'ura na zare wayar Husaini na kunna. Rumbu ya nuna DEGRADED, wato kariyarsa ta ragu, amma komai na buɗewa, na zuba giga goma a haka, na mayar da shi, cikin 'yan mintuna ya cike abin da ya wuce shi kawai ba duka ba. Sai dai babu wanda ya sanar da ni, da ban duba da idona ba da sai ya yi wata a haka. Na saita zed, mai sa ido na ZFS, ya riƙa turo min imel, na sake zarewa, saƙo ya shigo.

Asabar, 8 ga Maris

Sikirob, sifili. Ba labari.

Juma'a, 14 ga Maris

Zafi ya fara. Da azahar Gambo ya kai digiri 49, sauran 45 zuwa 46, shi ne a tsakiya ba ya samun iska. Fanka biyu 12,000, na kuma bar gurbi ɗaya tsakaninsu, na ɗaga akwatin daga ƙasa na ɗora kan benci nesa da taga. Sun sauko 39 zuwa 41. Afrilu ce abin ji.

Alhamis, 20 ga Maris

Abin da ke hana ni barci yanzu duk faifan huɗu a akwati ɗaya suke, a shago ɗaya, kan layin wuta ɗaya. Gobara ko ɓarawo ko wuta mai ƙarfi ba ruwansu da tagwaye. Masu harkar suna cewa kwafi uku, a kan abu iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Na yi tunanin turawa intanet, na auna tera uku da gudun da nake samu da kuɗin data, na rufe maganar. Na sayi faifan waje tera 4, 165,000, na sa masa ZFS da makulli, ina tura gidan aiki da syncoid. Turin farko ya ci kusan yini biyu don irin waɗannan ƙananan na aljihu SMR ne, amma daga nan bambancin kawai yake ɗauka. Na kai shi gidan Hajiyarmu na ce ta ajiye min a durowa. Ta juya shi ta ce wannan ɗan abin ne kake ta kashe wa kuɗi, na ce Hajiya ai wannan ƙaraminsu ne. Duk Juma'a in na je gaisuwa zan ɗauko, in dawo da shi Asabar.

Alhamis, 27 ga Maris

Lissafi zuwa yau 944,000, har da dubu goman da mai shago ya riƙe, ban sa tsohuwar kwamfutar ba. Rumbu na kashi 47. Gidan ajiya har yanzu ba shi da kwafi a waje, faifan Hajiya zai cika taf in ya ɗauke su duka, wannan sai kuɗin hotunan sallah sun shigo. Ina kuma son faifai ɗaya sabo da zai zauna a kwali an riga an gwada shi, saboda in Gambo ya faɗi ba na son in shiga kasuwa da gaggawa a saya min tsada. Ramin SATA ɗaya ya rage, ke nan tagwaye na uku sai da katin ƙari, ko kuma in musanya Hasan da Husaini da masu tera 8 ɗaya bayan ɗaya rumbun ya faɗaɗa da kansa. Gobe zan ɗauko na gidan Hajiya in gwada dawo da biki guda daga kansa a wata kwamfutar, tunda ban taɓa gwadawa ba. Na rubuta kalmar makullin a takarda biyu, ɗaya na wajen uwargida.